Labarin Wayar Iska Mai Kai Magana Cikin Kunnen Kurma

Ku sani, ya jama'a masu karatu, babu shekarar da hunturu zai ja jiki, bazara ta kunno kai, ba tare da an ji labarin sanƙarau a wani sashi na ƙasar Hausa ba. A shekara ta 1996 ciwon nan ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. A shekara ta 2017 ya sake barkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Waɗanda suka rasu an yi musu sutura an yi ta'aziyya, amma akwai wata hasara da ba a cika ƙidaya ta ba. Yaro yakan tashi daga jinya, iyaye su yi murna, a mai da shi makaranta, malam ya biya masa karatu ya yi shiru, a kira sunansa daga baya bai waiwaya ba. Sai a ce taurin kai ya koya, wani lokaci har a sa masa bulala, alhali kuwa ciwon ne ya tafi da jinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga irin wannan sanƙarau, wajen ɗaya yakan fita da wata illa mai daɗewa, kurumta kuwa tana cikin waɗanda suka fi yawa.

To, likitoci sun sami wata dabara ta dasa na'ura a cikin kai, wadda ke karɓar magana ta wayar iska ta miƙa ta ga jijiyar ji. Ga bayaninta, da amfaninta, da iyakarta, da abin da ya wajaba ga uba da malami su sani tun lokaci bai ƙure ba.

Fasali na farko: yadda kunne ke ji

Sauti girgiza ce da iska ke ɗauke da ita. Idan ta shiga ramin kunne sai ta bugi wata 'yar fata miƙaƙƙiya kamar ta kalangu, fatar ta motsa ƙananan ƙasusuwa uku, su kuma su miƙa motsin ga wani ɗaki da ke can cikin ƙashin kai. Ɗakin nan a naɗe yake kamar katantanwa, naɗi biyu da rabi da ɗan ɗoriya, girmansa bai fi ƙwayar wake ba, in da za a warware shi tsawonsa wajen milimita 35 ne. Cike yake da ruwa, kuma a jere cikinsa akwai wasu halittu masu gashi-gashi, wajen 15,000. Su ne ke juyar da motsin ruwan ya zama lantarki, jijiyar ji ta ɗauka ta kai wa ƙwaƙwalwa. Na bakin katantanwa su ke jin siririn sauti kamar na sarewa, na can ƙurya su ke jin mai kauri kamar na tambari.

Galibin kurumta mai tsanani daga mutuwar gashin nan take, domin in ya mutu ba ya sake tsirowa. Sanƙarau na kashe shi, haka ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa, da shawara mai tsanani ga jariri, da wasu allurai masu ƙarfi kamar jentamaisin idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Wani kuma gado ne, da shi aka haife shi. Amma sau da yawa jijiyar tana nan da ranta, kamar wayar tangaraho ce da ma'aikacinta ya bar ofis. Na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a kunne ƙarfin sauti kawai take ƙarawa, saboda haka tana amfanin mai sauran ji, ba ta amfanin wanda gashinsa ya ƙare. Ita kuwa na'urar dashe tsallake gashin take yi, ta yi magana da jijiya kai tsaye.

Fasali na biyu: sassan na'urar

Kashi biyu ce, na waje da na ciki. Na waje ana rataya shi a bayan kunne, yana da makirufo da batir da wata 'yar kwamfuta mai rarrabe sauti, siriri daban, mai kauri daban. Daga gare shi wata gajeriyar waya ta tafi ga wani ɗan faifai mai faɗin tsohon kwabo, wanda ke manne a gefen kai. Na ciki kuwa likita ne ke sa shi ƙarƙashin fata a bayan kunne, aikin sa'a biyu ko uku, sa'an nan ya zura wata lallausar waya cikin katantanwa. A jikin wayar akwai bakunan ƙarfe a jere, 12 a ƙirar kamfanin MED-EL na Ostiriya, 16 a ta Advanced Bionics, 22 a ta kamfanin Cochlear na Ostareliya. Kowane baki yana taɓa nasa sashi na jijiya.

Abin tambaya a nan shi ne, tun da fata ta rufe, an ɗinke, ta warke, ta yaya magana ke ƙetarawa daga waje zuwa ciki? Kuma na cikin da ba shi da batir, ina yake samun wuta?

Fasali na uku: wayar iska ta farko, mai ratsa fata

A cikin faifan waje akwai waya a naɗe kamar gammo, a cikin na ciki ma akwai irinta, kuma kowanne yana da maganaɗisu a tsakiya. Maganaɗisun nan biyu su ke jan juna, su riƙe faifan daidai bisa ɗan'uwansa, fata da gashi a tsakani. Idan lantarki ya yi ta kai da komowa da sauri cikin gammon waje, sai ya tayar da irinsa a gammon ciki ba tare da sun taɓa juna ba. Da wannan hanya guda ake aika abu biyu, wutar da na ciki zai yi aiki da ita, da kuma saƙon da ke gaya masa wane baki zai taɓa jijiya, da wane ƙarfi, a wane lokaci. Saƙon nan yana zuwa sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙa ɗaya.

Masu sauraron rediyo za su gane wannan da sauƙi. Na'urar Cochlear tana aiki a kan girgiza miliyan 5 cikin daƙiƙa, watau kusa da mita 60 a gajeren zango, ta MED-EL kuwa miliyan 12, watau wajen mita 25. Bambancin shi ne tashar Kaduna ko ta Landan tana jefa maganarta ƙasashe, wannan kuwa tafiyarta ba ta wuce kaurin fatar kai ba. Domin haka mai na'urar ba ya kama tashoshin duniya a kansa, maƙwabcinsa kuma ba ya jin abin da yake ji. Hanyar nan har wa yau tana komowa da amsa. Likita yakan haɗa kwamfuta da faifan, ya tambayi na cikin ko bakunansa duka lafiya, har ya auna yadda jijiya ke amsawa, ko da yaron jariri ne da bai iya faɗin kome ba.

Ba dare ɗaya aka kai ga wannan ba. Wajen shekara ta 1800 wani masani na Italiya, Alessandro Volta, wanda ya ƙago batir, ya sa sandunan ƙarfe biyu a kunnuwansa ya haɗa su da lantarki, ya ji wata ƙara kamar tafasar miya mai kauri, bai kuma sake gwadawa ba. A watan Fabrairu na 1957, makonni kaɗan kafin BBC ta soma magana da Hausa, wasu mutum biyu a birnin Paris, André Djourno da likita Charles Eyriès, suka dasa naɗaɗɗiyar waya a kan wani kurma suka aika mata da lantarki ta bayan fata. Mutumin ya ji ƙara kamar kukan gyare, ya kuma gane 'yan kalmomi kaɗan, kafin na'urar ta lalace. Likita William House na Amurka ya ɗauki aikin a 1961. Wasu masana a jihar Utah suka bi wata hanya dabam, suka kafa soket a ƙashin kai ya ɓullo ta fata, ana cusa masa waya. Sauti ya fita sosai, amma ƙofa ce a buɗe kullum ga ƙwayoyin cuta, saboda haka daga baya aka bar ta, wayar iska ta yi rinjaye.

A watan Disamba na 1977 aka dasa na'ura mai bakuna da yawa a birnin Biyana, ƙirar Ingeborg Hochmair da Erwin Hochmair. A watan Agusta na 1978 likita Graeme Clark ya dasa tasa a Melbon ta Ostareliya. Shi Clark ɗin mahaifinsa mai sayar da magani ne da jinsa ya yi rauni, kuma a bakin teku ya gane yadda za a zura waya cikin naɗin kunne, sa'ad da ya cusa tsinken ciyawa cikin katantanwa ya ga ya bi naɗin bai karye ba. Sai wata matsala ta rage, bakunan in sun yi aiki tare lantarkinsu yakan cakuɗe, kamar tsangaya da hantsi kowa na karanta allonsa da ƙarfi. A 1991 Blake Wilson da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana dabarar sa bakunan su riƙa taɓawa ɗaya bayan ɗaya da sauri ƙwarai, kamar yadda almajirai ke zuwa biyawa gaban malam bi da bi. Daga nan fahimtar magana ta ƙaru ainun. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a dasa wa manya irin mai bakuna da yawa a 1985, yara 'yan shekara biyu a 1990, 'yan wata 12 a 2000, 'yan wata 9 a 2020. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa fiye da 700,000 a duniya.

Fasali na huɗu: wayar iska ta biyu, mai ratsa ɗaki

Mai na'urar nan yakan ji magana sosai a ɗaki shiru, mutum ɗaya na gabansa. Amma a kai shi Babbar Kasuwar Katsina, ko tashar mota, ko zauren da yara 40 ke karatu, sai magana ta nutse cikin hayaniya, domin makirufo ba ya zaɓen murya yadda lafiyayyen kunne ke yi. Nisa ma yana cin sauti. Maganin wannan shi ne a ɗauko muryar daga bakin mai magana a kai ta na'urar ta iska. Malami ya maƙala ɗan makirufo a wuyan rigarsa, yaro na can ƙarshen aji, amma muryar tana isa gare shi kamar a gefen kunnensa ake yi.

Dā da zangon FM ake wannan. Yanzu an fi yi da Bluetooth da ire-irensa, wanda ke cikin kusan kowace wayar hannu, yana aiki a kan girgiza miliyan 2,400 cikin daƙiƙa, yana kai wajen mita 10. A 2017 kamfanin Cochlear ya fito da Nucleus 7, wadda ke karɓar magana kai tsaye daga iPhone ba da wani ɗan aike a tsakani ba, a 2019 aka buɗe irin wannan hanya ga wasu wayoyin Android. Ga falke wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da cinikin yau rabinsa a waya ake ƙulla shi, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Dawanau zuwa Ikko. Wanda ya kurumce da girmansa, in aikin ya karɓe shi, yana iya komawa ga yin ciniki da bakinsa, ba sai ya nemi yaro ya riƙa amsa masa waya ana jin sirrinsa ba. Da wayar kuma yake duba sauran batir, ya ƙara sauti ko ya rage.

A 2022 aka bayyana wani sabon tsari mai suna Auracast, wanda da shi na'ura ɗaya za ta watsa magana ga duk mai kunnen ƙarfe da ke wurin, ba iyaka ga yawansu. An yi shi domin manyan wurare kamar filin jirgin sama da zauren taro da wuraren ibada, inda amsa-kuwwar lasifika ke dagula magana. Har wa yau, tun 2017 aka yarda a Amurka ma'aikacin ji ya daidaita na'urar majiyyaci daga nesa ta intanet, abin da zai rage wa mutanen nesa da asibiti wahalar hanya in ya yaɗu.

Fasali na biyar: iyakar abin

Wajibi ne a faɗi gaskiya, kada mai ɗa ya sayar da gona bisa zaton abin da ba zai samu ba. Bakuna 22 ba za su maye gurbin gashi 15,000 ba. Waɗanda suka taɓa ji suka kurumce sukan ce da fari muryoyi kamar na rediyon da bai kama tasha sosai ba suke, sai bayan watanni ƙwaƙwalwa ta saba. Abin da na'urar ta fi rauni a kai shi ne hawa da saukar murya. Hausa kuwa da wannan take rarrabe kalmomi, kamar wuya na jiki da wuya ta wahala, ko kai na bisa kafaɗa da kai na wanda ake yi wa magana. Haka kuma yaron da zai koyi makharijul huruf, ya raba sinun da sadi, yana bukatar malami mai haƙuri, wanda zai zaunar da shi gaba, ya bar shi ya ga bakinsa, ya maimaita masa a wuri marar hayaniya.

Sa'an nan shekaru suna da hukunci. Yaron da aka haifa kurma, in an dasa masa kafin ya cika shekara biyu, ko uku in an makara, yana iya tashi da magana kusa da ta tsaransa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya kai girma bai taɓa ji ba, ko an dasa masa, galibi ƙara zai ji ba magana ba, domin sashin ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki ya riga ya kama wani. Wanda kuma jijiyarsa ce ta mutu, na'urar ba ta da wanda za ta yi wa magana. Kuma duk sa'ad da aka cire faifan, don barci ko wanka, ko batir ya ƙare, mutum ya koma shiru kamar dā.

Fasali na shida: lissafi

Attajiri ba ya sayen raƙumi sai ya lissafa abincinsa. Kuɗin na'urar da na aiki miliyoyin naira ne masu yawa, da kuɗin waje ake sayo ta, saboda haka duk faɗuwar naira tana ƙara mata tsada. Bayan aiki da mako biyu zuwa huɗu ake kunna ta, sa'an nan a yi ta komawa ana daidaita ƙarfin kowane baki, sau da yawa a shekarar farko, daga baya jefi-jefi har iyakar rai. Ga kuma mai koyar da magana, wanda in babu shi kuɗin yaro ƙarami ya tafi a banza. Wayar iskar nan mai ratsa fata tana shan wuta, ƙananan batura na yarwa kwana biyu ko uku suke yi, masu caji kuwa kusan kullum sai an caja, don haka gidan da wuta ba ta zama sai ya tanadi na hasken rana. Ƙurar hunturu tana toshe makirufo, gumin bazara yana cin ƙarfe, gajeriyar wayar faifai tana tsinkewa a hannun yara. Kashin waje kuma bayan 'yan shekaru yakan tsufa a sake wani. Kafin a biya ko kwabo, a tambayi wa zai gyara in ta lalace, a ina yake, kuma kayan gyaran daga ina za su zo.

Faifan a kan gashi yake zama, hula ko rawani ko ɗankwali su hau bisansa, kada a sa ƙyalle mai kauri tsakaninsa da fata, kada kuma a danne makirufo. A kiyaye kai daga bugu. In za a ɗauki hoton asibiti mai maganaɗisu, wanda ake kira MRI, lalle a gaya wa likita tukuna. Matafiyi kuma ya riƙe katin shaidar na'urar saboda ƙofar bincike a filin jirgi.

Fasali na bakwai: abin da ya kamaci mutumin Katsina

A Nijeriya an yi wannan dashe a asibitoci ƙalilan, kamar a Jos da Abuja da Ikko, sau da yawa da taimakon likitoci baƙi. Amma matakin farko ba ya bukatar miliyoyi, awon ji ne. Akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da Asibitin Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Akwai awon da ake yi wa jariri yana barci, ba zafi, ba allura.

Ga wanda ya tashi daga sanƙarau, gaggawa ta fi ƙarfi. Ciwon yakan bar kumburi a cikin katantanwa, ruwan da ke ciki ya soma zama tsoka, daga nan ya zama ƙashi, wani lokaci cikin 'yan makonni. In ramin ya toshe, waya ba ta da inda za ta bi, ko da kuɗin sun samu daga baya. Saboda haka duk wanda aka sallamo daga jinyar sanƙarau, yaro ko babba, a kai shi awon ji nan da nan, kada a ce a bari ya ƙara ƙarfi, kada a tsaya ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne. Malamin da ya ga almajiri ya sake hali bayan zazzaɓi, yana kallon baki in ana magana, ba ya amsa kira daga baya, ya ajiye bulala ya aika wa uban yaron.

Wanda kuwa bai sami halin dashe ba, ko bai dace da shi ba, ƙofar ilmi ba ta rufe masa ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta nazarta ta wallafa littafi a kanta a shekara ta 2000. Akwai makarantar kurame a Malumfashi, akwai ta Tudun Maliki a Kano. Kurame da yawa a duniya ba su ɗauki kansu marasa lafiya ba, suna ganin harshensu ya ishe su, kuma ko yaron da aka dasa wa na'ura maganar hannu tana amfaninsa ran da batir ya mutu. Babbar hasara ita ce a bar yaro shekara biyar ko shida ba harshen baki ba na hannu.

Daga ƙarshe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Wata allurar rigakafin sanƙarau ta shigo Nijeriya a 2011, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwa mai kare iri 5 na ƙwayar cutar. Ita da ta ƙyanda kyauta ake yin su a asibitocin gwamnati. Uban da ya kai 'ya'yansa aka yi musu, ya kuma hana a yi musu allura a kemis ba da takardar likita ba, ya tsare musu abin da miliyoyi ba su mayar da shi kamar yadda yake.

Allah shi kiyaye mana jinmu da ganinmu, shi ba marasa lafiya sauƙi. Haza wassalam.